Ruwan da Ban Sirka Ba

'Yata ta ba ni wata uku. A tsakar gidanmu a Nassarawo ta faɗa, washegarin Kirsimeti, tana zaune a kan 'yar kujera da ƙafar uwarta a kan cinyarta. Ta ce, "Baba, wata uku. In na dawo Ista na tarar da ƙafar nan haka, zan tafi da Mama Yola ta zauna wurina." Nas ce a can, ita ce babbarmu, kuma tun tana ƙarama ba ta iya zagaye-zagaye a magana ba.

Na ce, "A gidan suruki? Ina da rai?"

Ta ce, "Ai kana da ran ƙafar ta zama haka."

Na dubi matata. Tana kallon ƙasa, tana murza bakin zaninta. Na leƙa ƙafar daga inda nake zaune. Diddige ya tsage gida uku, kaushi ya yi fari kamar bayan tsohuwar ƙwarya, farcen babban yatsa ya lanƙwashe ya shiga nama. Gaskiya ban san haka take ba. Ɗaki ɗaya muke kwana, amma ban sani ba.

Sai na faɗi yadda Asabar take a gidana, don a nan abin ya samo tushe. Shekara talatin da biyar na yi ina aikin masinja a wani ofis a cikin gari. Aji bakwai na gama a ƙauyenmu, can wajen Vimtim, ban wuce nan ba. A ofis kowa ya fi ni takarda. Abin da na fi su shi ne tsabta. Ran Litinin in na shiga da kakina, karin guga a tsaye, takalmi yana sheƙi, akawu ma sai ya gyara wuyan rigarsa. Girmana ke nan gaba ɗaya, kuma ran Asabar ake gina shi.

Da safe in tafi wurin wanzami a gindin bishiya bakin titi, ya aske mini kai da gemu, ya yanke mini farcen hannu da na ƙafa. In na dawo, ruwan wanka yana jirana a bayan ɗaki, an dafa shi da ganyen dogon yaro, ga sabulun salo da soso a gefe. In na fito in shafa man kaɗanya tun daga wuya har idon sawu, in miƙe a doguwar kujera ƙarƙashin mangwaro, rediyo a kan cikina, ƙafafuna cikin baho, kunun gyaɗa a kofi. Da yamma in goge takalmi. Wannan kaɗai nake yi da hannuna, kuma har yau ba wanda ya fi ni iya shi. Kafin rana ta faɗi kaki biyar suna rataye a ƙusa biyar, na Litinin har na Juma'a. Lahadi coci ne da barci.

Na sha yi wa samarin ofis wa'azi a kan haka. In ce musu mutumin da bai gyara jikinsa ƙarshen mako ba, makon zai murƙushe shi. Su ce, "Baba Masinja, kai dai ba ka tsufa." In yi dariya. Ban taɓa gaya musu cewa hannu biyu ne ke ɗauke da wannan duka ba, kuma ba nawa ba ne. Ba ɓoyewa na yi ba. Ni ma ban lura ba.

Ita matata, Asabar ɗinta tun Alhamis take farawa, ranar da take jiƙa rogo don sitacin kaki. Shekarun farko, kafin a haƙa rijiya a layinmu, mayo, wato rafi, take zuwa wanki, da goyo a baya da baho a ka. Ta dawo ta sa bula, ta sa sitaci, ta shanya. Ta hura gawayi ta cika dutsen guga, tana fifita shi da murfin tukunya, tana share gindinsa kada toka ta taɓa mini riga. Yara biyar a tsakani, wannan a wanke masa kai, wancan a tsefe mata. In damina ce kuma ga gonar gyaɗa tana jira.

Abu ɗaya take da shi nata na kanta, wato kitso. Bayan la'asar sai ta zagaya gidan maƙwabciyarmu, wata Bafulatana da duk layin ke kira Adda, ta zauna a tabarma ta ɗora kai a gwiwarta. Ta kan katanga nakan ji suna dariya. Ban san me ya sa ba, dariyar nan ba ta yi mini daɗi. Sai in tuna ina son wani abu. In ɗaga murya in ce, "Maman yara! Ruwan bahon nan ya huce." Ko in ce ban ga burushin takalmi ba. Ta taso da rabin kai a kitse, rabi a tsefe, ta ɗaura ɗankwali a kai. Sau da yawa haka take zuwa coci washegari.

Adda takan ɗago murya ta ce, "Baba Masinja, kai hannunka a ofis kake barinsa ran Juma'a?"

In ce, "Hannun gwamnati ne, ba a taɓa shi ran hutu."

Mu yi dariya duka. Har matata takan yi.

Ko shekarar gudu, da 'yan bindiga suka shigo muka bar garin da kayan jikinmu muka cunkushe a gidan wani ɗan'uwa a Yola, mu fiye da ashirin, ranar Asabar sai da ta aro tukunya ta ɗora mini ruwa. A lokacin na riga na bar aiki, ba ofishin da zan je ran Litinin. Na ga matan gidan suna kallonmu. Na ɗauka sha'awa muke ba su.

Ciwon suga ya shigo mata a hankali. Ido ya fara yin hazo, baya ya ƙi sunkuyawa. Wata rana ta ce mini, "Maigida, ƙafafuna kamar ba nawa ba. In ina tafiya sai in ji kamar auduga nake takawa." Na ce tsufa ne, kowa yana jin nasa. Ta daina zuwa kitso don zaman ƙasa yana wahalar da ita. Ta daina goge diddige don hannunta ba ya kaiwa. Amma ruwana bai taɓa fashi ba.

To, ranar nan ta washegarin Kirsimeti 'yata ta zauna ta yi mini bayani mai tsawo a kan yadda ake kula da ƙafar mai suga. Raina a ɓace yake. Yarinyar da na kai makaranta a kan kekena ita ce yau take koya mini wanke ƙafa, a gaban ƙannenta. Na riƙe rediyo ina murɗa shi kamar ina neman tasha. Na ji ta ambaci tawul, na ji tsakanin yatsu, na ji wani abu game da gwiwar hannu.

Ta ce, "Baba, ka ji kuwa?"

Na ce, "Tun ba a haife ki ba nake jiƙa ƙafa."

Ta ce, "Taka kake jiƙawa."

Ta rubuta komai a takarda da manyan baƙaƙe ta soke a ƙusar ƙofar ɗaki. Motarsu na juya kwana na cire takardar na ninke na sa cikin Littafi Mai Tsarki. Ba na son baƙo ya shigo ya ga an rubuta mini doka a gidana.

Amma na tsorata. Shekara arba'in da uku muna tare. Ban san inda ake ajiye gishiri a gidan ba. In ta tafi, me zan ce wa mutanen coci? Me zan ce wa 'yan'uwanta da ke Maiha? A lokacin abin da nake tunani ke nan, abin da zan ce wa mutane.

Asabar ta farko na ce wa wanzami ya nuna mini yadda yake yanke farcen da ya shiga nama. Tsoho ne kamar ni, tare muka yi furfura.

Ya ce, "Za ka ƙwace mini sana'a ne?"

Na ce, "Na madam zan yanke."

Ya tsayar da aska a sama. Ya ce, "Kai? Jama'a, ku zo ku ji. Mutumin da ko ƙuda ya sauka masa a hanci sai ya kira matarsa."

Masu jiran layi suka bushe da dariya. Wani ya ce, "Ko dai laifi aka yi a gida?" Na ce ba laifi, umarnin likita ne. Wanzami ya nuna mini a kan ƙafata, ya ce a miƙe ake yankewa, kada in bi kwana, kada in yi zurfi. Shi na saurare shi. Namiji ne, tsarana.

Da na koma gida na tarar ta riga ta shirya komai. Baho da ruwa, tawul, dutsen goge kaushi, kwalbar man kaɗanya, 'yar kujera tawa da tata. Nawa kawai in zauna. Bahon ƙarami ne, ƙafa ɗaya yake ɗauka. Na ɗago ta dama na ɗora a cinyata. Na yi mamakin rashin nauyinta. Kunya ta kama mu duka biyu, kamar sababbin aure. Ta ce, "Kada ka ɓata wandonka." Na ce wandon gida ne.

Ina gogewa sai na ga wani dogon tabo a gefen tafin, tsoho, ya yi fari.

Na ce, "Wannan fa?"

Ta ce, "Fartanya ce."

"Yaushe?"

"Shekarar da aka mai da kai babban masinja. Ran Juma'a ne a gona. Washegari a ƙafa ɗaya na yi maka guga."

Na ce, "Me ya hana ki faɗa mini?"

Ta ce, "Na faɗa."

Na ci gaba da gogewa.

Asabar uku muka yi haka. Ba zan ɓoye ba, su ne ranakun da suka fi daɗi a tsufanmu. Fason ya fara haɗewa. Farcen na yanke shi daidai, ba jini. Na koyi bin tsakanin yatsu da bakin tawul ɗaya bayan ɗaya. Tana ba ni labarin mutanen ƙauyensu da yarenmu, waɗanda suka mutu da waɗanda suka rage, ina cewa uhm. Adda ta fara shigowa da matsefi tana yi mata kitso a kan kujera, tunda ƙasa ta gagara. Na fara jin cewa na ci wannan jarrabawa. Har na fara shirya abin da zan gaya wa 'yata ran Ista.

A Asabar ta uku Adda tana kitso ta ce, "An ce Baba Masinja ya zama nas. Amma wa ya hura wuta? Wa ya ɗora ruwa? Wa ya ɗauko baho? Mara lafiyar ce ke yi wa nas hidima."

Matata ta ce, "Adda, bar shi mana. Yana ƙoƙari."

Adda ta ce, "Ƙoƙarin zama a kujera."

Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini a ƙirji mako guda.

Asabar ta huɗu akwai sanyi sosai. Na fasa zuwa aski. Na ce mata, "Yau ko tsinke kada ki ɗaga. Zauna." Ta yi gardama kaɗan, na daka mata tsawa cikin wasa, ta zauna a rana da mayafi. Na shiga wurin murhu. Itace ya ƙi kamawa, hayaƙi ya cika mini ido, tana daga nesa tana cewa in rage ƙiraren in bar wa iska hanya. Daga baya wuta ta kama. Na tsinko ganyen dogon yaro na zuba. Na tsaya har ruwa ya tafasa yana juya ganyen.

Ga abin da ban sani ba. Shekara arba'in da uku ina wanka da ruwan zafi, ina jiƙa ƙafa a ruwan zafi, ban taɓa ganin yadda ake sirka shi ba. Kullum a shirye nake tarar da shi. A tunanina ruwan tukunya ne ake ɗan yayyafa masa na sanyi. Ban san kusan kashi uku na sanyi take zubawa a kan kashi ɗaya na zafi ba, ta tsoma gwiwar hannu, ta ƙara, ta sake tsomawa. Adda ce ta gaya mini wannan daga baya, ba da murya mai daɗi ba.

Na juye tukunya a baho. Na ɗebo moɗa biyu a randa na zuba. Na kama bahon da tsumma ta gefe biyu na kai gabanta. Da tsumma na kama shi, don ya yi mini zafi a hannu. Ko wannan bai sa na yi tunani ba.

Ta ce, "Maigida, tururin nan bai yi yawa ba?"

Na ce, "Sanyi ne ya sa kike ganinsa haka."

Na kama ƙafarta ta hagu ta ƙwauri, na sa a ciki da kaina.

Na ce, "Ya yi?"

Ta ce, "Ban ji komai ba."

Na ce, "To, ya yi ke nan."

Sai aka yi sallama a ƙofar gida. Wani tsohon abokin aikina ne ya zo gaya mini rasuwar wani direban ofishinmu. Na fita. Muka tsaya muna jajanta wa juna, muka gangara kan waɗanda suka rage, muka gangara kan tsadar taki. Ban san tsawon lokacin ba. Adda ta wuce mu da matsefinta ta shiga gidan. Ba ta daɗe ba na ji ihu.

"Innalillahi! Wa ya yi wannan? Wannan ai ruwan fige kaza ne!"

Na shiga da gudu. Adda ta ture bahon, tana yarfe hannunta, ta ɗago ƙafar sama. Daga idon sawu zuwa ƙasa fatar ta sake launi, ta yi jawur a wani wuri, ta yi fari a wani wuri, yatsun sun tattare. Matata tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Mene ne? Me ya faru?" Ba ta jin komai, kuma idonta ba ya gani sosai daga nan.

Adda ta yi ta kwara ruwan randa a kai. Ta ce, "A nemo keke napep a kai ta asibiti yanzu. Ka kira 'yarka."

In da a nan na tsaya, da kuskure ne kawai, irin na tsohon da bai iya aiki ba. Abin da ya biyo baya shi ne laifina.

Na ce, "Ƙuna ce. Wace mace ce ba ta taɓa ƙonewa ba? Kwana uku ta warke."

Adda ta ce, "Mai suga ce fa."

Na ce, "Adda, gidana ne."

Ta dube ni, ta ɗauki matsefinta ta fita. Ba ta yi kitson ba.

Na fasa ƙwai na shafa farin a kai, kamar yadda na ga ana yi a ƙauye. Na bi da man kaɗanya. Na yago tsohon zani na naɗe. Da rana na buɗe Littafi na ciro takardar 'yata. Layi na biyu ya ce a gwada ruwa da gwiwar hannu, kada a tambayi Mama, don ba ta ji. Layi na ƙarshe ya ce ko ƙaramin rauni ne a kira ta nan take. Na mai da takardar inda take.

Na zauna kusa da matata na ce, "Gobe in yarinyar nan ta bugo, kada ki faɗa mata. In ta ji, tafiya za ta yi da ke. Ki bari ya warke tukuna."

Ta ce, "To."

Ran Lahadi ni kaɗai na je coci. Na ce wa matan da suka tambaya mura ce ta kama ta. Da yamma waya ta yi ƙara. Ina zaune ina ji tana cewa, "Lafiya lau. Babanki yana ƙoƙari sosai. Jiya ma shi ya hura wuta." Na ji 'yata tana dariya a can tana cewa a ba ta Baba ta yi masa barka. Na karɓa. Na amsa barkar. Da na ajiye wayar na ji sanyi a raina, na ci tuwo na ƙoshi. A duk abin da na yi, wannan ƙoshin ne ya fi ci mini rai in na tuna.

Litinin bororo ya tashi, manya-manya. Talata suka fashe. Tunda ba ta kuka da ciwo, sai na riƙa gaya wa kaina sauƙi ne. Kullum da safe in kwance tsumman, in shafa mai, in naɗe da wani. Tana ɗingisawa a kai tana yi mana girki, ban hana ta ba. Ran Alhamis na ji wari. Na ce na ƙwan ne. Ƙudaje suka fara bin ta. Ran Juma'a zazzaɓi ya rufe ta, ta kwanta, ta kasa shan kunu. Adda ta shigo ba ta gaishe ni ba, ta ɗaga tsumman, ta mayar, ta fita. A wayarta ta kira Yola. Ban sani ba sai daga baya.

Ran Asabar da safe na dubi madubi na ga gemu na mako biyu. Na ce bari in je in dawo da sauri. Na je aski. Matata tana kwance da zazzaɓi na je aski. Da na dawo na ga motar surukina a ƙofar gida. Na shiga kaina yana sheƙi, ina ƙanshin hodar wanzami.

An fito da ita tsakar gida a kan katifa. 'Yata tana durƙushe da safar hannu, ta kwance tsumman. Yatsu biyu na ƙarshe sun yi baƙi. Ba ta yi ihu ba. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ta ce, "Kwana nawa?"

Na ce, "Yau takwas."

"Wa ya ce kada a faɗa mini?"

Kafin in buɗe baki uwarta ta ce, "Ni ce. Na ce kada a tayar miki da hankali, kina da aiki."

Na tsaya a wurin. Adda tana bakin ƙofa tana kallona. Surukina yana kallon ƙasa. Na bar mara lafiya ta ɗauki kayana.

Kwana huɗu ta yi a asibiti a nan gari har zazzaɓin ya sauka. Likita ya ce yatsun biyu ba za su tsira ba, gara a yi aikin a Yola inda 'yarta za ta sa ido. Wannan ban yi gardama ba. Abin da na tambaya shi ne bayan aikin fa. Ranar da aka sallame ta muka dawo gida ɗaukar kaya. Tana zaune a bakin gado, ƙafar a naɗe da farin bandeji a kan matashi. 'Yata ta fito da akwatin uwarta babba, ba ƙaramar jaka ba.

Na ce, "Wannan akwatin na mene ne? Ba mako biyu ba ne?"

Ta ce, "Baba, ni ba zan raba ka da matarka ba. Ga ta nan. Mama, ki faɗa da bakinki. In an gama aiki in dawo da ke, ko ki zauna?"

Ta fita ta ja mana ƙofa.

Na zauna a ƙasa gabanta, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Maman yara, na yi kuskure. Zan koya. Na rantse zan koya. Kin ga farcen ai na iya."

Ta ce, "Na san za ka koya. Kana da kai. Amma a jikina za ka koya, kuma ƙafa ɗaya ce ta rage mini mai lafiya."

Na ce, "Ruwan nan ban yi da gangan ba."

Ta ce, "Na sani. Ba ruwan ba ne." Ta gyara matashin da hannunta. "Da ka ce kada in faɗa, na kwanta ina jiran ka sake shawara. Litinin na jira. Talata na jira. Na ce wannan karon zai ji tsoro saboda ni. Ka ji tsoron, amma ba saboda ni ba."

Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Ba fushi nake yi ba, maigida. Na gaji ne. Ina so in kwanta in tashi ba wanda ke jiran wani abu daga hannuna. Ban taɓa sanin yadda wannan yake ba. Ina so in sani kafin in mutu."

Na ce, "Mutane fa? Me zan ce musu?"

Ta daɗe tana kallona da idon nan nata mai hazo. Ta ce, "Kira mini yarinyar."

Surukina ne ya ɗauke ta zuwa mota. Ta leƙo ta taga ta gaya mini gishiri yana cikin tukunyar ƙasa bayan buhun dawa, kuma kada in bar randa a buɗe. Adda ta riƙe hannunta har motar ta fara tafiya.

An cire yatsun biyu. Raunin ya ɗauki watanni kafin ya rufe, amma ya rufe. Na je na gan ta sau biyu. Ta yi ƙiba kaɗan, fatarta ta yi kyau, jikoki suna hawa kanta tana korarsu da dariya. A zuwa na biyu na sami 'yata ita kaɗai a kicin na ce mata, "Ni ne na hana a faɗa miki. Ba uwarki ba ce." Ta ci gaba da yanka albasa. Ta ce, "Na sani, Baba. Ita ma ta san na sani." Ta tambaye ni ko zan ci shinkafa ko tuwo.

Ran Lahadi da yamma nake kiran matata. Mukan yi maganar coci, da wanda ya rasu, da mangwaron da ya yi 'ya'ya da yawa bana. Sau ɗaya, farkon bazara, na yi ƙarfin hali na ce, "Yaushe za ki dawo gida?" Ta ce, "Bari mu ga damina." Damina ta zo, an yi shuka, an yi noma, an cire gyaɗa. Ban sake tambaya ba, ita ma ba ta tayar da maganar ba.